Yadda Ake Kai Wa Tanderun Gasa Tukwane Wutar Lantarki A Gareji Ba Tare Da Haɗari Ba

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a ƙasarmu. Tun kaka da kakanni magina suke haƙo yumɓu su kwaɓa, su gina tukunya da tulu da randa da kasko, sa'an nan su tara su a fili, su lulluɓe da itace da kara da ciyawa, su cinna wuta. Irin wannan gashi zafinsa bai cika wuce digiri 800 ba a ma'aunin Santigireti. Shi ya sa randa take tsattsafo da ruwa, abin da ke sa ruwanta sanyi. Amma kwanukan tangaran masu ƙyalli, waɗanda muke kira faɗi-ka-mutu, ba su gasuwa sai zafi ya kai digiri 1,000 zuwa 1,300, kuma ba a samun irin wannan zafi sai a cikin rufaffen tanderu.

A farkon shekarun 1950 wani Bature mutumin Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, watau garin da ake kira Suleja yanzu. A can ne Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta shiga a shekarar 1954, ta yi suna har ƙasashen waje. Tanderun wannan makaranta da itace ake hura shi. Yau kuwa akwai tanderu mai aiki da lantarki, ba hayaƙi, ba neman itace, girmansa bai wuce na babbar ganga ba. Masu son sana'ar sukan saya su ajiye a gareji, domin nan ne ake samun fili da daɓen siminti.

To, a nan ne maganata take. Tanderun lantarki ba kamar rediyo ba ne ko dutsen guga, da za a cusa fuloginsa cikin kowane soket a tafi. Yana jan wuta mai yawa, kuma yana daɗewa yana ja, awa 8 ko 10 ko fiye. Idan wayar da ta kawo masa wuta ba ta kai ba, zafin da ake so a cikin tanderu sai ya koma cikin bango. Abin da zan bayyana na samo shi ne daga darasin kimiyya a nan makaranta, da kuma bin kawuna mai sana'ar wayarin da na yi a lokacin dogon hutu. Ban rubuta domin wani ya ɗauki sukudireba ya shiga aikin da kansa ba. Na rubuta ne domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su san abin da za su tambayi mai wayarin, su kuma iya bambanta aikin kirki da aikin ha'inci.

Da farko sai mu san kalmomi guda uku. Ku dubi tankin ruwan makarantarmu da ke bisa ƙarfe. Tsayin tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turawa, to haka bolt yake ga lantarki. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu shi ne kwatankwacin amfiya. Aikin da wutar take yi kuwa, watau haske ko zafi, da wat ake auna shi, kuma wat 1,000 shi ne kilowat 1. Lissafinsu ba wuya: bolt sau amfiya shi ne wat. Wutar da ake kawo mana gidaje a Nijeriya bolt 230 ce. Saboda haka in ka san wat ɗin abu, sai ka raba da 230 ka sami amfiyar da zai ja.

Bari mu gwada. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi iyakarsa amfiya 13. In ka yi 13 sau 230 za ka sami kusan wat 3,000. Ke nan duk abin da ya wuce kilowat 3 ya fi ƙarfin soket ɗin bango. Akwai 'yan ƙananan tanderu da ba su kai haka ba, amma matsakaicin da mai sana'a zai saya yakan kai kilowat 7. Raba 7,000 da 230, za ka ga amfiya 30 da 'yan kai. Wannan ya ninka ƙarfin fulogi sau biyu har da ƙari. Kowane tanderu yana da ɗan allon ƙarfe a jikinsa inda aka rubuta bolt da amfiya da kilowat ɗinsa. Wannan allo shi ne abin da za a fara karantawa, tun ma kafin a biya kuɗi. Wanda aka yi shi domin wutar wata ƙasa dabam, ko domin layi uku mai bolt 400, ba zai yi aiki daidai a gida mai layi ɗaya ba.

Me ya sa waya take zafi? Wani masani mutumin Ingila, James Joule, ya gano tun wajen 1840 cewa zafin da ke tashi cikin waya ba daidai da ƙaruwar amfiya yake ƙaruwa ba, ya fi haka gudu. In amfiya ta ninka sau 2, zafi ya ninka sau 4. In ta ninka sau 3, zafi ya ninka sau 9. Da wannan dokar ce tanderu yake aiki, domin a cikinsa akwai wata waya naɗaɗɗiya da aka yi musamman ta yi ja wur ba ta narke ba. Amma wayar da ke cikin bango roba ce a jikinta, kuma robar da aka saba sa wa wayar gida an yi ta ne kada ta wuce digiri 70. In ta riƙa wucewa sai ta bushe, ta tsage, waya ta taɓa waya. Butar lantarki minti 5 take yi ta mutu, kafin waya ta yi zafi an gama. Tanderu kuwa yini yake yi, shi ya sa yake tona asirin kowace waya mara ƙarfi.

Abu na farko da za a yi shi ne a ba tanderu layinsa shi kaɗai. A jawo waya tun daga akwatin rarraba wuta na gidan, ta zo kai tsaye har gareji, ba tare da an jona mata ƙwai ko firji ko injin ruwa a hanya ba. Kada a jona shi a jikin soket ɗin da ke garejin tun dā, domin wayar soket siririya ce. Kada kuma a ja masa wayar jone daga falo. Kafin wannan ma sai a duba ko wutar gidan gaba ɗaya za ta ɗauka. Mitoci da yawa na layi ɗaya iyakarsu amfiya 60. In tanderu ya cinye 30, sauran 30 su ne za su ɗauki na'urar sanyaya ɗaki da hita da dutsen guga da sauran kayan gida. In lissafi bai fita ba, sai a je ofishin kamfanin rarraba wuta a nemi ƙari ko a nemi layi uku.

Abu na biyu, bireka. Ita ce ta maye gurbin fis na dā, kuma aikinta shi ne ta yanke wuta in amfiya ta wuce lambar da ke jikinta. Tun da tanderu yana daɗewa yana aiki, ba a sa masa bireka daidai wa daida. A Amurka ƙa'idar wayarin ta ce duk abin da zai ja wuta awa 3 ko fiye, a ƙara masa kashi 25 cikin 100 wajen lissafi. In mun bi wannan, amfiya 30 ta koma kusan 38, sai a sa bireka mai lamba 40. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, bireka waya take tsaro. Dole ne ta faɗi kafin waya ta ƙone. Saboda haka tilas waya ta iya ɗaukar abin da ya kai lambar bireka ko ya fi. Wanda birekarsa take yawan faɗuwa ya je ya sauya ta da babba ya bar tsohuwar waya, daidai yake da wanda ya kori mai gadi domin yana tashinsa daga barci in ɓarawo ya zo. Haka nan wanda ya ɗaure fis da guntun waya mai kauri.

Abu na uku, kaurin waya. A kasuwa za ka ji ana cewa waya mai lamba 1.5, da 2.5, da 4, da 6, da 10. Lambar tana nuna faɗin bakin jan ƙarfen da ke ciki in an yanka shi, a ma'aunin murabba'in milimita. Mai 1.5 ta ƙwai ce, mai 2.5 ta soket. A littattafan masu wayarin, waya mai lamba 6 da aka bi da ita cikin bututu a jikin bango tana ɗaukar kimanin amfiya 38, mai lamba 10 kuwa kimanin 52. Sai dai waɗannan lambobi an tsara su ne bisa iska mai zafin digiri 30. Kowa ya san yadda gareji mai rufin kwano yake a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ga kuma tanderu yana huci a ciki. A zafin digiri 40, ƙarfin waya yana raguwa da kashi 13 cikin 100. Mai lamba 6 ta dawo amfiya 33, watau ƙasa da birekarmu ta 40. Mai lamba 10 ta dawo 45, ta wuce. Ke nan tanderu mai kilowat 7 a garejin ƙasar zafi, waya mai lamba 10 ce ta dace da shi. Ga ƙarin amfani: in garejin yana da nisa da akwatin wuta, waya mai kauri ba ta zubar da bolt da yawa a hanya.

Har wa yau sai a kula da irin wayar da za a saya. Akwai wadda aka rubuta mata 10 alhali cikinta bai kai ba. Akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Alminiyom ba ya ɗaukar wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi zai ɗauka. In ka kankare bakin waya da wuƙa ka ga fari ya fito, to ba ita ba ce. A nemi wadda take da shaidar hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan wuri kuwa araha tana iya cin gida. In garejin a ware yake daga gidan, kada a rataya waya a iska daga rufi zuwa rufi, kada kuma a binne ta tsirara. Akwai waya mai sulken ƙarfe da aka yi domin binnewa. A haƙa mata rami mai zurfin rabin mita ko fiye, a shimfiɗa alama a samanta, domin mai haƙa da diga wata rana ya gani ya tsaya.

Abu na huɗu, wayar ƙasa, wadda masu sana'a suke kira atin. Wayoyi uku ne suke zuwa wurin tanderu: mai kawo wuta, da mai mayarwa, da ta ƙasa. A tsohon tsari launinsu ja da baƙi da kore ne, kuma har yanzu za ka gan su haka a gidaje da yawa. A sabon tsari kuwa ruwan ƙasa ne, da shuɗi, da kore mai ratsin rawaya. Jikin tanderu ƙarfe ne. In wata rana waya mai wuta ta kunce ta taɓa shi daga ciki, duk jikin ya zama mai kisa, ido kuwa ba zai ga kome ba. Wayar ƙasa ita ce take ba wutar gajeriyar hanya ta gudu, maimakon ta bi ta jikin mutum. Ana ɗaure ta a jikin ƙarfen tanderu, ta koma akwatin wuta, daga nan ta tafi ga sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. A ƙasarmu da rani ƙasa takan bushe ƙamas, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Saboda haka a kafa sandar da zurfi a wuri mai laima, a kuma auna ta da na'ura. Ganin koriyar waya a jikin bango bai isa shaida ba, domin akwai masu wayarin da sukan bar ƙarshenta yana lilo cikin silin.

Abu na biyar, birekar yoyo, wadda za ku ga an rubuta mata RCD. Birekar da muka ambata a baya sai amfiya ta wuce 40 take faɗuwa, alhali abin da zai tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi 1 cikin 10 na amfiya guda ba. Ita birekar yoyo kullum tana gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga bambanci ya kai miliamfiya 30, watau kashi 30 cikin 1,000 na amfiya, ta san wuta tana yoyo ta wani wuri, ko ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓalli na gwaji a jikinta, a riƙa danna shi lokaci lokaci a ga ko tana faɗuwa. Wani lokaci da damina tubalin cikin tanderu yakan sha laima, ya sa ta riƙa faɗuwa. Maganin wannan shi ne a busar da tanderun, a kuma kira mai wayarin ya duba. Cire ta ba magani ba ne.

Abu na shida, babban makunni. Tanderu mai ƙarfi irin wannan ba a sa masa fulogin gida. Ana ɗaure wayarsa ne a jikin makunni mai amfiya 45, irin wanda ake sa wa murhun lantarki, mai yanke wayoyi biyu gaba ɗaya. A kafa shi kusa da ƙofa, inda hannu zai kai ba sai an miƙa ta saman tanderu ba. Wayar nan naɗaɗɗiya da ke cikin tanderu tsirara take, ba roba a jikinta, don haka duk lokacin da za a jera tukwane ko za a kwashe, a kashe wannan makunni tukuna. A kuma ɗaure kowane sukuru tamau. Mahaɗa mai sako-sako ita ce wurin da zafi yake taruwa, kuma yawan zafi da sanyi yakan sassauta sukuru a hankali. Alamominta su ne warin ƙonanniyar roba, da baƙi-baƙi a jikin makunni, da ƙara kamar ana soya abu. Wanda ya ji ko ya ga ɗaya daga cikinsu ya kashe wuta daga akwati nan take.

Bayan wayarin sai wurin ajiya. A ɗora tanderu bisa ƙafafunsa a kan siminti, a bar kimanin santimita 45 tsakaninsa da bango ko wani abu. Gareji wuri ne na jarkar fetur da baƙin mai da fenti da tsofaffin tayoyi da katifa. Duk a fitar da su. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya yana rarrafe, ɗan tartsatsi ya ishe shi. Mota da babur ma a fitar da su ranar gashi. A bar taga da ƙofa a buɗe, domin yumɓu da ruwan ƙyallin da ake shafa masa suna fitar da iska mai guba in sun ji wuta, har da irin wadda garwashi yake fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ba ta da wari ba ta da launi. A hana yara shiga, don jikin tanderu yana ƙona fata ko da ba a ga harshen wuta ba. Kada kuma a kunna shi a tafi unguwa ko a kwanta barci.

Akwai wata matsala tamu ta gida, watau raunin wuta da yawan ɗaukewa. Ƙarfin tanderu ya fi bolt saurin faɗuwa. In wuta ta sauko daga 230 zuwa 200, tanderu ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zafinsa, sai ya yini bai kai inda ake so ba. Ƙaramin janareta na gida, wanda bai kai kilowat 1 ba, ko kusa ba zai ɗauke shi ba. Mai son amfani da babban janareta ya tabbata ƙarfinsa ya zarce na tanderu, a kuma sa makunnin sauya layi, domin kada wutar janareta ta koma kan turakun titi ta kashe ma'aikacin da ke gyara. In an ɗauke wuta ana cikin gashi, a kashe babban makunni, kada ta dawo da tsakar dare ta tarar ba kowa. Game da kuɗi kuwa, kilowat 7 na awa 8 bai wuce yunit 56 ba a mita, kuma mai sana'a ya kamata ya sa wannan cikin farashin kayansa.

In kuma abin da ake gudu ya auku, ga abin da kowane ɗalibi ya kamata ya riƙe. Ba a watsa wa gobarar lantarki ruwa, domin ruwa yana ɗauko wuta zuwa hannun mai watsawa. A fara kashe wuta daga akwati, sa'an nan a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. A ajiye bokitin yashi a bakin ƙofar gareji kullum. In wuta ta kama mutum kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, in ba a kai gare shi ba a ture shi da busasshen itace, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.

Daga ƙarshe, wa zai yi aikin? Tun shekarar 2015 akwai hukumar NEMSA, wadda doka ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaida. Iyayenmu su nemi mai wannan takarda, su nuna masa allon da ke jikin tanderu, su tambaye shi abu biyar: amfiya nawa zai ja, wace bireka za ka sa, wace lambar waya, ina sandar ƙasa, ka kuma auna ta? Mai sana'ar kirki zai ji daɗin tambayar, ya ɗauki takarda ya yi lissafin a gabanka. Wanda ya ce haba Alhaji, ai kowace waya ma za ta yi, a sallame shi tun da wuri. Mu kuma ɗalibai, lissafin nan na bolt da amfiya da muke yi domin jarrabawa shi ne dai wanda ake yi a gareji, kuma za mu iya taimakon iyayenmu da shi in mun je hutu. Kuɗin waya mai kauri da bireka biyu da sandar ƙasa bai kai kuɗin rufin ɗaki ɗaya ba, balle ran mutum. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.